Ridomil Gold ko mankozeb, Confidor ko Karate: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk manomin da cuta ta faɗa wa gonarsa, idan ya isa shagon maganin feshi magana ɗaya yake yi: "A ba ni mai ƙarfi." Mai shago kuma sai ya ɗauko wanda ya fi tsada ya ce, "Ga wannan, Alhaji, mai shiga jiki ne." Sau da yawa daga nan asara take somawa. Bambancin maganin da ke shiga jikin shuka da wanda ke zama a kan ganye ba na ƙarfi ba ne, na aiki ne, kamar yadda ba za a ce lauje ya fi fartanya ƙarfi ba. Akwai ranar da garin mankozeb mai araha zai yi maka duk abin da Ridomil Gold zai yi. Akwai kuma ranar da ko buhu guda na mankozeb ka zuba, in ba mai shiga jikin ba, dankalin sai ya tafi.

Mai zama a kan ganye, inda ɗigonsa ya sauka nan yake tsayawa, tamkar shafen bango. Ruwan sama yana wanke shi, rana tana cin ƙarfinsa, kuma duk ganyen da ya toho bayan feshin tsirara yake. Mankozeb, maganin jan ƙarfe da farar wuta, waɗanda na cuta ne, da Karate da danginsa na ƙwari, duk nan suke. Mai shiga jiki kuwa yana ratsa fatar ganye, ko saiwa ta sha shi, ya bi hanyar ruwan cikin shuka. Abin da yawancin masu saye ba su sani ba shi ne wannan hanya sama take yi. Ruwan da saiwa ke ja yana hawa kara ne zuwa bakin ganye, inda zafin rana ke fitar da shi. Don haka in ka fesa Ridomil ko Confidor a kan ganyen sama, ba zai sauko wa ganyen ƙasa ba, balle saiwa. Kaɗan ne ke tafiya sama da ƙasa, irin su Aliette a magungunan cuta da Movento a na ƙwari. Sai kuma 'yan tsaka-tsaki, masu ratsa ganye daga fuskarsa zuwa bayansa su tsaya a nan, ba su zuwa wani ganyen: emamektin da abamektin ke nan. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya riga ya fahimci rabin abin da ke kan kantar shago.

Ridomil Gold MZ da garin mankozeb

Karanta jikin ledar Ridomil Gold MZ 68 WG na kamfanin Syngenta. A kowane kilo akwai giram 640 na mankozeb, da giram 40 kacal na sinadarin da aka rubuta Metalaxyl-M. Ma'ana, mafi yawan abin da ka saya shi ne dai mankozeb ɗin da ke cikin Dithane M-45 da sauran garin da aka rubuta wa 80 WP. Giram 40 ɗin nan su ne mai shiga jikin, su ne kuma suka ɗaga farashin. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ko cutar da ke gonarka tana cikin waɗanda metalaksil ke kamawa, domin ba kowace yake kamawa ba.

Tumatir da dankalin turawa suna da ƙunar ganye iri biyu da ake yawan rikitawa. Ta farko tana zuwa da sanyi da laima: yayyafi na kwanaki, gajimare, raɓa mai daɗewa a ganye. Takan fara kamar an zuba wa ganye ruwan zafi, tabo mai duhu ya bazu daga gefe, in ka juya bayan ganyen da sassafe ka ga farin gashi-gashi a bakin tabon. Tana cin kara, tana ruɓar da 'ya'ya, kuma a yanayin da take so cikin mako guda gona kan yi baƙi ƙirin. Za mu kira ta ƙunar sanyi. Ita ce mai addabar manoman dankali a Bokkos da Mangu da sauran tsaunukan Filato kowace damina. Ta biyu takan fara daga tsofaffin ganyen ƙasa, tabo ruwan kasa mai zobe cikin zobe, kewayensa rawaya, tana hawa sama sannu a hankali, kuma ta fi son ɗumi da shukar da yunwar taki ta kama. Wannan ƙunar zobe ke nan.

Metalaksil gwani ne a kan ƙunar sanyi. Haka yake a kan furfurar da ke kama ganyen albasa da kankana da gurji lokacin laima, da kuma ɗaya daga cikin cututtukan da ke ruɓar da wuyan tsiro a bedin reno har ya faɗi. A kan ƙunar zobe kuwa ba ya taɓuka komai. Haka tabon shunayya na ganyen albasa, haka farar tokar da ke kama tattasai da tumatir da rani. Mai fesa Ridomil a kan ƙunar zobe, mankozeb ɗin ciki ne kaɗai ke masa aiki, ya biya kuɗin doki ya hau jaki. In mai shiga jiki ake so don ƙunar zobe ko tabon albasa, to Score 250 EC ko Ortiva ko Amistar Top su ne layin, ba Ridomil ba. A kula kuma, akwai Ridomil Gold Plus, wanda aka haɗa da jan ƙarfe maimakon mankozeb, manoman koko suka fi amfani da shi. Suna ɗaya ne amma cikin daban.

Inda ya dace, Ridomil ya cancanci yabo. Ganye yana shanye shi cikin awa ɗaya zuwa biyu, don haka ruwan da ya sauko da la'asar ba ya ɓata feshin safe. Yana bin sabon toho, abin da mankozeb ba zai taɓa yi ba, kuma a watan da dankali ke ƙara ganye kullum wannan ba ƙaramin abu ba ne. Irin na WG ɗin ƙwaya-ƙwaya ne, yana narkewa ba tare da ƙura ta tashi ta shiga hanci ba, ba ya kuma toshe bakin famfo kamar gari.

Rauninsa ɗaya ne, amma babba. Metalaksil wuri guda yake bugun ƙwayar cutar, saboda haka ita ma da sauyi guda take kuɓuce masa. Ya shigo kasuwa a 1977, zuwa 1980 an riga an sami ƙunar sanyin da ba ta jin sa a gonakin dankalin Ailan da Holan, inda aka yi ta fesa shi shi kaɗai. Dalilin da ya sa aka daina sayar da shi tsura don feshin ganye ke nan, aka riƙa haɗa shi da mankozeb. Mankozeb kuwa wurare da yawa yake bugu lokaci guda. Tun farkon shekarun 1960 ake fesa shi, har yau cuta ba ta saba da shi yadda za a ce ya daina aiki ba. Shi ya sa muke ganin mankozeb shi ne tuwon, Ridomil miya ce, kuma ba a cika ciki da miya.

Ga yadda za a tsara su a gonar dankali ko tumatirin damina. A fara mankozeb tun ganye na da lafiya, kafin a ga tabo ko ɗaya, a maimaita duk kwana 7 zuwa 10. Idan an yi ruwa mai ƙarfi bayan feshi, kamar milimita 25 ko fiye, a ɗauka ya wanke, a sake. Ranar da yanayi ya juya, yayyafi ya ƙi tsayawa, ko aka ji cutar ta ɓulla a gonar maƙwabta, sai a shigo da Ridomil sau biyu, tsakaninsu kwana 10 zuwa 14, kada ya wuce 14, sannan a koma mankozeb. Sau biyu zuwa uku a shuka guda ya isa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye Ridomil sai gona ta yi baƙi a ce yanzu ne lokacin mai tsada. Abin da yake iya tarewa shi ne cutar da ta shiga ganye jiya ko shekaranjiya, wadda ido bai gani ba tukuna. Ganyen da ya ƙone ya ƙone, kuma fesa shi a kan gonar da cuta ta cika shi ne hanya mafi sauri ta renon irin da ba ya jin magani. In ta riga ta bayyana, a fara cire shukar da ta fi kamuwa a fitar da ita daga gona a binne, sannan a yi feshi don ceton sauran. Inda ake samun Curzate M ko Acrobat MZ, a sa su cikin juyi, don hanyar bugunsu daban ce da ta metalaksil.

Mai noman rani a Kadawa ko Kura ko Ɗanja, lokacin da hunturu ya busar da iska, da wuya ya buƙaci Ridomil a fili. Ƙunar sanyi ba ta rayuwa sai ganye ya jiƙe na sa'o'i. Kuɗin ya fi amfani a maganin ƙwari da na farar toka. Farar wuta tana maganin tokar nan da araha, amma tana ƙona ganye idan zafi ya haura digiri 32, don haka daga Maris zuwa Afrilu a kiyaye ta.

Shi ma mankozeb yana da nasa. Gari ne mai kwanciya a gindin tanki, sai ana girgizawa. Yana sa ƙaiƙayin fata. Laima da zafi suna lalata shi a ajiya, ledar da aka buɗe bara ta dunƙule ba abin dogaro ba ce. Tarayyar Turai ta janye izininsa daga 2021 saboda abin da ake tsoron yana yi wa lafiyar mai feshi da mai ci, wanda duk mai niyyar sayar wa masu fitar da kaya waje ya kamata ya sani. Ba ya kuma yafe ganganci: ganyen da bai jiƙu gaba da baya ba kamar ba a fesa shi ba ne. A ganyen albasa da kabeji mai santsi kamar kakin zuma, sai an ƙara maganin manne, in ba haka ba ɗigon gangarewa yake yi ƙasa.

Akwai kuma abin da babu ɗayansu da ke magani, gara a faɗa a sarari. Tumatirin da ya yi yaushi farat ɗaya alhali ganyensa kore shar, in ka yanke karan ka tsoma a kofin ruwa mai haske ka ga farin zare kamar madara yana sauka, cutar bakteriya ce daga ƙasa, feshi ba ya kai mata. Wanda ganyensa ya nannaɗe ya ƙanƙance ya yi rawaya-rawaya, bairos ne, farin ƙuda ya kawo. Waɗannan tugewa ake yi.

Karate da Confidor

Karate, wato Lambda-cyhalothrin wanda za mu taƙaita da lamda, shi ne abin da manomi ke so ya gani: ka fesa, ƙwaro ya faɗo a gabanka. Yana da araha, yana kama ƙwari iri-iri, kuma a kan tsutsa ƙarama da ke yawo a fili, da fara, da ƙwarin da ke tsotsar kwanson wake, yana yin abin da aka saye shi dominsa. Sai dai dole ya taɓa ƙwaron ko ƙwaron ya taka inda ya sauka. Farin ƙuda da darɓa a bayan ganye suke zama, darɓa ma takan nannaɗe ganyen ta ɓuya ciki. Mai wucewa da famfo yana yayyafa saman shuka bai kai musu ba, amma ya kashe ƙwarin da ke cin su, masu yawo a sarari. Bayan mako biyu sai a ga sun dawo fiye da da, ga jan gizo, ɗan mitsitsin ƙwaron nan mai tsotson ganye, ya cika bayan ganye da saƙa. Duk gonar tumatir ko gauta da aka yi wa lamda mako-mako da rani, jan gizo yana tafe. Zafin fuska da mai feshi ke ji bayan aiki alamar ya taɓa fata ne, yakan wuce, amma yana nuna ba a rufe jiki ba. Guba ne kuma mai tsanani ga kifi, kada a wanke famfo a bakin kanal ko tafki.

Confidor na kamfanin Bayer, da duk kwalbar da aka rubuta wa Imidacloprid, wanda za mu taƙaita da imida, an yi shi ne don masu tsotso. Yana shiga ruwan shuka, ƙwaron ya sha da bakinsa ko ina ya ɓuya. Ba ya kayar da ƙwaro nan take, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, abin da ke sa wasu su ce jabu ne su ƙara awo ko su sake feshi washegari. A yi haƙuri a duba bayan ganye a rana ta uku. Ya fi shiga ta saiwa a kan ta ganye, don haka inda ya fi biyan kuɗinsa shi ne a bedin reno: a shayar da shi a gindin tsiro 'yan kwanaki kafin dashe, ƙasa na da danshi, ya raka dashen makonnin farko da farin ƙuda ya fi yi masa illa. Tumatirin da bairos ya kama yana ƙarami ba ya yin 'ya'yan kirki, wanda ya kama bayan ya girma yakan ba da wani abu. A busasshiyar ƙasa ko shukar da ƙishi ya kama, ba ya hawa, don babu ruwan da zai ɗauke shi.

Imida ba ya kashe jan gizo, yakan ma ƙara shi. Abamektin ne nasa. Ba ya kuma yi wa yawancin tsutsotsi komai. Wanda ya ga Confidor ya rage aiki ya koma Actara bai canza komai ba, domin gidansu ɗaya, wato hanyar bugunsu ɗaya ce, lamba 4A, haka duk wanda aka rubuta wa Acetamiprid. Kamfanoni da yawa suna buga lambar gidan a goshin kwalba: 3A ga lamda da duk mai suna da ya ƙare da thrin, 4A ga imida da 'yan uwansa, 6 ga emamektin da abamektin, 28 ga Coragen. Juyin magani lamba ake canzawa, ba sunan kwalba ba.

Sharon, 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafin da tsutsarta ke cinye tumatir, ita ta koya wa manoman tumatir wannan darasi da tsada. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, a 2016 kuma ta cinye gonakin Kano da Katsina da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tsutsarta tana shiga tsakanin fatun ganye biyu ta ci naman ciki, ta bar farin tabo kamar takarda. Karate yana waje, ita tana ciki. Imida yana ciki tare da ita, amma ba gubarta ba ne. Abin da ke kai mata shi ne mai ratsa ganye wanda kuma aka yi don tsutsa: emamektin, ko Coragen, ko Ampligo. Emamektin rana na kashe shi da wuri, a fesa da yamma ya kwana yana ratsawa.

Ampligo 150 ZC magani ne mai kyau, a kowace lita giram 100 na sinadarin da ke cikin Coragen da giram 50 na lamda. Na farkon yana sa tsutsa ta daina ci cikin sa'o'i ko da ba ta mutu ba tukuna, yana kuma daɗewa a ganye. Abin da ba mu so a tare da shi shi ne lamdan: a kan sharon ba ya ƙara wani abin kirki, ga shi yana kashe ƙwarin da ke cin ƙwanta. In sharon ce kaɗai matsalar, mun fi son Coragen tsura. Kuma gidan 28 ba ya jure maimaici. An riga an tabbatar da sharon da ba ta jin sa a Italiya da Burazil. Da yake daga ƙwai zuwa ƙwai takan ɗauki kusan wata guda da zafi, a yi feshi biyu na gida ɗaya cikin kwana 30, sannan a bar gidan gaba ɗaya na aƙalla kwana 30 masu zuwa. Tsutsar da ta shige cikin ɗan tumatir kuwa babu maganin da ke bin ta can, sai a tsinke a binne.

A masara, tsutsar da ta shigo Najeriya a 2016 cikin kunnen masara take zama, ta toshe bakin da kashinta. Ko mai shiga jiki ne ko mai zama a kai, sai an saita bakin famfo cikin kunnen kowace shuka, da sassafe ko da yamma, tun tsutsar na ƙarama, lokacin da ɓarnar ba ta wuce 'yan tagogi masu haske a ganye ba.

Wurin da mai shiga jiki ba shi da abokin takara shi ne wankin iri. Apron Star 42 WS yana ɗauke da sinadarin Actara kashi 20 cikin 100, metalaksil kashi 20, da na Score kashi 2. Ƙaramar leda ta giram 10 tana wanke kilo 4 na irin masara ko dawa ko gero. Da ɗan wannan awo tsiro ke fitowa da kariyarsa a jiki na makonnin farko, ba tare da an watsa guba a gona duka ba. A auna irin da sikeli, a ɗan yayyafa masa ruwa, a girgiza cikin leda ko bokiti mai murfi har kowace ƙwaya ta ɗauki launi, a shanya a inuwa. Ragowar irin da aka wanke ba na tuwo ba ne, ba na kaji ba ne, ko an wanke shi sau goma.

Awo da haɗi

Magani mai kyau da yawa a famfo yake mutuwa. In takardar ta ba da awo a hekta, sai ka san ruwan da kai kake zubawa a hekta. Auna fili na mita 10 sau 10 a cikin shukar, zuba ruwa zalla da ka san yawansa, fesa yadda ka saba, ka auna abin da ya ragu. In lita 4 ta tafi, hekta za ta ci lita 400, wato cikin famfo mai lita 16 sau 25. Idan takarda ta ce kilo 2.5 a hekta, kowane ciki giram 100 ke nan. Shuka na girma ruwan na ƙaruwa, a sake gwajin. In kuwa takardar ta faɗi giram nawa a famfo guda, a bi ta, amma a jiƙa ganye gaba da baya har ya kusa ɗiga. Murfin kwalba da gwangwanin tumatir ba ma'auni ba ne. Sirinji na mil 20 da cokalin da aka gwada a sikeli sau ɗaya sun wadatar. Rage awo don magani ya kai ƙarshen gona ya fi illa a mai shiga jiki, don shi ke barin masu taurin rai su hayayyafa.

Wajen haɗi, a cika tanki rabi da ruwa mai tsabta ta cikin rariya. A dama gari a wani bokiti har ya zama kamar koko, a zuba, a girgiza. Sai mai kauri kamar madara, sai mai mai wanda ke farar da ruwa, takin ganye a ƙarshe, sannan a cika. Abin da aka haɗa a fesa shi a ranar. Ruwa mai kanwa-kanwa yana karya mankozeb da magungunan ƙwari da dama in suka kwana. Maganin jan ƙarfe kuwa a ruwa mai tsami yake ƙona ganye, shi ya sa ba a haɗa shi da Aliette. Bakin famfo mai fitar da hazo a zagaye shi ne na cuta da ƙwari, mai faɗi kamar mafici na ciyawa ne. Famfon da ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa irin 2,4-D kada ya kusanci tumatir. Ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya isa ya murɗe ganye har a zaci bairos ne.

Abin da ke biyo kwando zuwa kasuwa

Nan ne muke da babbar damuwa da mai shiga jiki. Abin da ke kan fatar tumatir ruwa na rage shi, wanda ke cikin nama babu wankin da ke fitar da shi. Kowace takarda tana faɗin kwanakin jira tsakanin feshi da ɗiba, kuma tumatir da tattasai da kuɓewa ana ɗibarsu duk bayan 'yan kwanaki. Saboda haka mai shiga jiki na farkon shuka ne. Da an fara ɗiba sai a koma masu gajeren jira, a ɗiba tukuna sannan a fesa, ba a fesa yau a ɗiba gobe ba. Latas da alayyafo da yakuwa da zogale, waɗanda ganyen ne abincin, mu dai ba ma ba da shawarar shayar da su imida ko kaɗan. Wannan ba ya nufin mai zama a waje ba shi da haɗari. Sinadarin da ke cikin Sniper ba ya bin jijiyar shuka, amma ragowarsa ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015.

Imida da Actara suna kaiwa har cikin garin fure da zaƙinsa, ɗan kaɗan, wanda bai isa ya kashe ƙwarin cikin furen wake ba amma ya isa ya illata ƙudan zuma. Turai ta hana amfani da su a fili tun 2018 saboda haka. Mai kankana da kabewa da gurji ya fi kowa asara a nan, domin in ƙudan zuma bai zo ba fure zubewa yake yi, ko ɗan ya fito a karkace. Da an ga alamar huda a dakatar da su. Lamda ma yana kashe zuma in ya same ta, amma shi in aka fesa dab da magariba, bayan ta koma amya, ya bushe kafin safiya, ɓarnar tana raguwa sosai.

Kafin a biya kuɗi a duba lambar NAFDAC, ranar ƙarewar aiki, da hatimin murfi, a guji wanda aka ɗura a wata kwalba ana sayarwa awo-awo, don ba a san abin da ke ciki ba, ba kuma takardar da za a karanta. Zanen launin da ke gindin takarda yana faɗin haɗari: ja ya fi kowanne, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. In magani ya zubo wa mutum, a cire rigar a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa nan take. In an haɗiya, kada a ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai, musamman irin mai mai ɗin nan da ke iya sarƙewa ya shiga huhu. A kai shi asibiti tare da kwalbar, don da sunan da ke jikinta likita zai san abin da zai yi.